Kwamfutar da Muke Yi wa Fifita

A Garwa, idan bazara ta kankama, komai yakan rage sauri. Kogin Binuwai ya janye ya bar farin yashi, jakuna su tsaya a gindin darbejiya kamar an dasa su, mutum ma ya ji tunaninsa yana jan ƙafa. Shi ya sa da kwamfutar gidanmu ta zo da nawa, babu wanda ya yi mamaki. Muka ce zafi ne.

Babana, mai sayar da atamfa, shi ya sayo ta gwanjo saboda kakata. Kaka tana da ƙanwa wadda ta bi ayarin alhazai ta ƙasa tun suna 'yan mata, ta yi aure a Makka, ba ta sake dawowa ba. Sukan gaisa ta waya, amma Kaka ta ce murya ba ta isar ta, fuska take so ta gani. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, kullum duniya sai ƙara yi mata dishi-dishi take. An ce a kai ta shagon da ake biya a yi kira da hoto, ta ce ba za ta je ta yi kuka gaban 'ya'yan mutane ba.

Duk Juma'a bayan la'asar sai mu kira. Kwamfutar ta yi ta nishi, goshi ya bayyana, da gefen mayafi, sai hoton ya daskare, can kuma komai ya ɗauke. Kaka na zaune, hancinta kusan a jikin gilashin.

Muka yi mata irin maganin da muka sani. Mamata ta jiƙa buhu ta rataya a bayanta yadda ake yi wa randa. Aka matsar da ita lungun da ya fi sanyi. Ni kuwa, da na gama sakandare ba ni da aikin fari bare na baƙi, aka damƙa mini mafici.

"Maigidana," in ji Kaka, haka take tsokanata, "ni ba ka taɓa yi mini fifita ba, sai akwati."

Ina fifita ina lumshe ido, sai in riƙa ganin fuskar nan ta taso daga Makka, ta haye teku, ta ratsa Sudan da Chadi a hankali, ta yada zango a Kuseri ta sha ruwa. Nakan ji tausayinta. Wanda ya yi wannan tafiya, ina ce wa raina, dole ya iso a gajiye.

Babana ya ce a yi haƙuri ruwa ya sauka, za ta warware. Muka jira. Ruwa ya sauka, kogi ya cika, gari ya yi luf, har mukan ja zane da safe. Kwamfuta dai tana nan jiya-i-yau.

Ɗan baffana da ke karatu a Ngawundare ya zo hutu. Ya danna nan, ya danna can, ya yaye buhun yana dariya.

"Baba, ce n'est pas la chaleur, ba zafi ba ne. RAM ɗinta ne ya yi kaɗan. Kamar teburin shagonka ne. Sito na iya cike da kaya, amma in teburin ƙarami ne, turmi ɗaya za ka baje, sai ka naɗe kafin ka buɗe wani. Wannan ko giga ɗaya ba ta kai ba. Kira da hoto ya fi ƙarfinta, sai an ƙara."

Babana ya dubi mahaifiyarsa. Ni ma ita na duba. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Abin sai da aka aiko da shi daga Duwala, ya hau jirgin ƙasa, ya hau mota. Da ya iso, ɗan siririn kore ne, bai fi matajin kai ba. Aka soka shi a ciki.

Ranar Juma'a muka kira, sai ga tsohuwa tangaran, tana motsi, tana ƙifta ido, tana dafe ƙirji. "Yaya! Yaya, ke ce?"

Kaka ta matso, ta ja baya, ta karkata kai ta gwada da ido ɗaya. Ta ɗora tafin hannu a gilashin ta shafa. Sannan ta lalubo hannuna, ta yi ƙasa da murya don kada a ji a can.

"Haske kawai nake gani. Faɗa mini, da wa ta yi kama?"

Na ce, "Da ke, Kaka. Sak."

Hawaye na bin kuncinta ta ɗaga murya, ta fuskanci gilashin.

"Na gan ki, 'yar uwa. Wallahi ba ki canza ba."