Waye Ke Zaune a Zauren Sabarmu?

Ina bayani, shugaban ƙungiyarmu ta manoman Yako yana ta hararata. Sabar, wato kwamfutar da muke ajiye sunayen mambobi a ciki, tana can hannun wani kamfani a kulle, amma dole ta riƙa leƙa intanet tana ɗauko gyare-gyare. Na ce zan haɗa ta da ƙofar fita da kamfanin yake tsarewa.

"Kamar zaure ne, Baba. Na ciki ya fita, baƙo ba ya shiga."

Ya gyara zama. "Habu, ni ba baƙo nake tsoro ba. Shi wanda aka zaunar a zauren, yana ganin duk mai fita, ɗan gidan waye?"

Har yau ban haɗa ta da ƙofar ba.

Masana, ku kun san ubansa?