Rashin Barci Ya Sa Na Nuna Wanda Bai Ji Ba Bai Gani Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce, ban daɗe da fita takabar mijina ba. Ina zaune a gidan mahaifina a wani ƙauye da ke arewa da Ɗambatta, tare da 'yata guda ɗaya wadda ba a jima da yaye ta ba. Sana'ata tuyar waina. Shekarun nan ne da komai ya yi tsada, taki ya gagari manomi, hatsi ya zama abin lallaɓawa, kuma kullum sai an kawo labarin an sace yaro a gari kaza. Kowa a tsorace yake kwana. Na rubuto muku ne saboda abin ya ƙi barin zuciyata, kuma ban taɓa ba wa kowa labarinsa daga farko har ƙarshe ba.

Da aka gama girbi, samarin wani ƙauye na kusa da mu suka shirya kalankuwa, wasan nan da ake yi bayan an kai amfanin gona gida. Makaɗa kan zo daga nesa, ga 'yan kokawa, ga 'yan dambe, a kafa rumfunan kara a fili, jama'a su kwana nan su tashi nan har a watse. Ni ba wasa na hango ba, ciniki na hango. Tun kafin a fara na daina barcin kirki. Da rana ina neman itace da kai niƙa inji, da dare ina haɗa ƙullu ina tashi duba ko ya kumbura. Inna ta ce in bar mata yarinyar, kuma in kwanta in huta ko na yini ɗaya ne kafin in tafi, domin a filin wasa ba a samun barci. Na ce yarinyar ba ta yarda da kowa, barci kuwa na rama in na dawo.

A filin na sami wuri kusa da wata dattijuwa mai sayar da koko, wadda kowa ke kira Iya. Kiɗa ba ya tsayawa. In masu kalangu sun gaji, sai a tayar da janareto lasifika ta karɓa, ga masu saye ba sa yankewa. Tun ranar farko Iya ta kawo shawarar mu riƙa karɓa-karɓa, ɗaya ta kwanta a bayan rumfa ɗaya ta duba kayan duka biyun. Na yi mata godiya na ƙi, don gani nake duk wainar da ban toya da hannuna ba asara ce. Maimakon haka na koma wa goro da gadagi, shayin nan mai ɗaci da direbobi ke sha don kore barci. Ya kore shi kuwa, amma ya bar ni da bugun zuciya. Mai ya fallatso mini a yatsu ban ji zafi ba sai da na ga ƙuna. Na fara jin ana kiran sunana a cikin kiɗa, in waiga ba kowa. Duk da haka ban ɗauka wani abu ne ya same ni ba.

Ranar ƙarshe da hantsi wani ɗan koli mai yawo a keke ya tsaya ya sayi waina. Baƙo ne, ba wanda ya san shi. Ya yi wa 'yata wasa, ya ciro ƙaramin awarwaron roba ya sa mata a hannu, ya wuce. Na zuba ƙullu a tanda, na jingina da ginshiƙin rumfa, yarinyar tana wasa da ludayi a gabana. Sai na ga mutumin ya dawo, ya sunkuce ta, ya tura ta cikin buhunsa ya ɗaure baki. Na gan shi kamar yadda nake ganin tafin hannuna. Na zabura na miƙe, na tarar wainar ta ƙone ƙurmus, ludayin yana ƙasa, yarinya babu. Na ƙwalla ihu ina cewa ɗan koli ya sace mini 'ya. Mutane suka tambaye ni ko na tabbata, na rantse da idona na gani.

Kiɗa ya tsaya cak. Samari suka bazu, suka cim masa a bakin fili yana ɗaure kaya a bayan keke, suka rufe shi da duka da sanduna. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar sandunan nan. Yana ƙasa ya kare kansa da hannuwa, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Ku buɗe buhun, don Allah ku buɗe buhun." Aka zazzage, ba komai sai madubai da 'yan kunne da zare. A nan na fara shakkar abin da na gani, amma bakina ya ƙi buɗuwa, don tsoro nake kada su juyo kaina. Wani ya ce ai ya riga ya miƙa ta ga abokan satarsa. Wani ya ce a kawo fetur daga wurin janareto. Na ga an tafi kawowa, amma ban hana ba.

Sai ga Iya tana ture mutane da tulun ruwa a hannu, 'yata goye a bayanta tana barci. Ashe da ta ga barci ya sace ni a zaune, yarinyar kuma ta nufi murhu, sai ta ɗauke ta ta goya, ta tafi rijiya ɗebo ruwa. Tausayina ne ya hana ta tashe ni. Ta jefar da tulun ta tsaya a kan mutumin tana nuna musu yarinyar, har 'yan sintiri suka iso suka kewaye shi. Waɗanda suka fi kowa dukansa su suka fara sulalewa.

An kai shi asibiti, ya rayu, amma idonsa na hagu bai sake gani ba. Bayan mai gari ya saurari maganar, Baba ya kai ni har bakin gadonsa in nemi gafara. Na durƙusa na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma yana so in faɗa masa gaskiya, shin da gaske na gan shi ya ɗauke ta? Na ce na gani, amma a cikin barci. Sai ya ce shi ma yana da 'ya kamar tawa a gida, ita ya tuna da ya ga yarinyar. Daga nan ya juya fuskarsa bango. Na ji labarin bai sake yawon kasuwanni ba.

Abin da na koya shi ne, barci ba ya neman izinin kowa. In ka hana shi a shimfiɗa, zai same ka a bakin wuta ko a kan hanya, kuma kafin ya kayar da kai sai ya fara lalata maka ido da hankali. 'Yan uwana masu zuwa wuraren wasa, ko don kallo ko don neman abinci, ku ƙoshi da barci kafin ku tafi, ku sami wanda za ku riƙa karɓar juna da shi, kada ku yarda da abin da ake sha don kore gyangyaɗi. In kuma tashin hankali ya same ku, ku tsaya ku tambayi na kusa da ku kafin ku ambaci wani. Ni na samu 'yata lafiya lau, ta girma har ta shiga makaranta. Shi kuwa bawan Allahn nan da ido ɗaya yake kallon tasa, kuma ni ce sanadi.