Yadda Na Ba Da Hayar Fasfon Baba Agali

Ni mutumin Maradi ne, kuma kafin in lalace mai ɗaukar hoto ne ni a Arlit. Na zo garin ina saurayi, na biyo wani kawuna mai sayar da kayan gyaran mota. Kamfanin haƙar uraniyom bai ɗauke ni aiki ba, amma na iya karatu da rubutun Faransanci, kuma ina da baki. Na buɗe ɗan shago kusa da tasha, ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, ina fotokopi, ina cika wa mutane takardu. Ina ci ina sha, ina aika wa mahaifiyata abin cefane. Na faɗi haka ne tun farko don kada wani cikinku ya ba ni uzurin talauci. Yunwa ba ta taɓa kwana a ɗakina ba. Abin da ya kai ni gidan kaso raini ne.

Na raina masu zuwa shagona. Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa injin da ya fi ɗakina girma a cikin rami, amma da an miƙa masa takarda mai hatimi sai ya kawo mini ita in karanta masa. Da na gane haka sai na fara ƙirƙiro kuɗin tampo, wato kan sarki, da babu shi. Ba wanda ya tambaya. Daga nan na fara cewa ina da mutum a Yamai a kowane biro, wato ofishin gwamnati, alhali wanda na sani a can direban bas ne kawai. Suka koma kirana Mushe, yallaɓai ke nan da Faransanci, ni kuma na sayi tabarau marar magani don sunan ya zauna.

Da korona ta zo, aka rufe iyakoki, aka hana shiga da fita Yamai, ƴan kasuwa suka shiga kuka, ni kuwa kasuwata ta buɗe. Kowa na neman takardar gwaji, ni kuma ina da injin bugawa. Na buga wa mai lafiya, na buga wa mai tari, ban taɓa tambayar wanda zai zauna kusa da shi a mota ba.

A cikin wannan hali ne Baba Agali ya zo mini. Buzu ne dattijo, danginsa na wajen Gugaram, amma a Tamanrasset aka haife shi, don haka yana da fasfo biyu, na Nijar da na Aljeriya. Ya yi ritaya daga aikin rami da tari mai nauyi a ƙirji, irin wanda duk mutumin Arlit ya san sautinsa. Ɗiyarsa Tekna tana aure a Sifen, tana aikin jinya. Ita ta gano masa cewa akwai bizar da ake ba wanda ya yi ritaya, in yana da kuɗin da zai riƙe kansa ba tare da ya nemi aiki ba, ya je ya zauna kusa da ita, likitocin huhu su duba shi. Abin da yake so ke nan a duniya, ya isa wurin ɗiyarsa tun ƙirjin bai gama rufewa ba. Kuma ya cancanta. Kuɗin ritayarsa na shiga, takardunsa tsaf suke, ba ya bukatar ɗan damfara ko kaɗan. Abin da ya rasa kawai wanda zai jera masa dosiye, wato takardun neman bizar.

Ya kwance wani ƙyalle ya ɗora fasfo biyun a teburina, ya ce, “Ɗana, ɗiyana ya ce a nuna duka biyu, kada a ɓoye komai.”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin ya zo hannun masu shi. Bayan ya fita na kwaikwayi Hausarsa, masu shayin bakin tasha suka yi dariya.

Gaskiyar magana, babu abin da za a iya yi a lokacin. Ofishin jakadancin Sifen a rufe yake, ba a ba kowa ranar ganawa. Mai mutunci zai mayar wa tsoho kayansa ya ce a jira a buɗe. Ni na jefa su a aljihun tebur, duk ranar da ya leƙo in ce masa suna Yamai ana dubawa.

Akwai wani direban kamiyo, babbar motar kaya, Sale, da muke harkar takardun gwaji tare. Wata rana da hantsi yana neman almakashi a teburina ya ga fasfon Aljeriyar. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce ashe ina zaune a kan dukiya ban sani ba. Ya bayyana mini cewa tsallake iyaka ta daji ba shi ne wahala ba. Wahalar tana gaba, a shingayen hanyar arewa, inda duk wanda ba shi da takarda ake loda shi a mota a zubar wajen Assamakka, bakin iyakarmu. Amma mai fasfon Aljeriya wucewa yake. Kuma yanzu, in ji Sale, kowa da takunkumi, ga rawani a sama, jami'i ma tsoron matsowa yake kada a yi masa tari a fuska. Idanu kawai ake gani. Yana da wani mutum mai manyan shekaru, dogo siriri kamar mai fasfon, wanda zai biya da kyau. Haya ce kawai, da ya isa za a dawo da fasfon a mota ta gaba.

Ban yi jayayya ba, ban ma yi dogon tunani ba. Abin da na ce a raina shi ne, tsoho ɗaya me zai yi da ƙasa biyu, ga fasfo yana kwance ba ya aikin komai. Na karɓi rabona, na sayi babur.

Fasfon bai dawo ba. Sale ya ce mota ta gaba, sannan ya ce wata mai zuwa, daga baya ya daina ɗaukar salula. Ku lura da irin mutanen da za ku kira abokan harka. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya, ko sallama bai bar mini ba.

Da aka sassauta dokar, ofishin ya buɗe, Tekna ta samo wa mahaifinta ranar ganawa da kanta ta intanet. Baba Agali ya zo karɓar kayansa fuskarsa a sake. Na ba shi na Nijar, na ce na Aljeriyar ya maƙale a wani biro, kuma ma gara haka, don Turawa ba sa son mai ƙasa biyu, suna ganin kamar yana da abin ɓoyewa. Ƙarya ce na ƙaga a tsaye. A takardar neman biza, wurin da aka tambaya ko yana da wata ƙasa, na rubuta babu, na nuna masa inda zai sa hannu. Ya ce ɗiyarsa fa ta ce kada a ɓoye. Na ce masa ita jinya ta sani, ni takarda na sani. Ya sa hannu.

Ya hau mota zuwa Yamai da wannan ƙirjin, a kan hanyar da mai lafiya ma sai ya kwanta in ya sauka. A can aka shigar da sunansa da ranar haihuwarsa, sai ga shi na'ura ta nuna cewa mai wannan suna, ɗan Aljeriya, ya shiga Sifen ta kwalekwale, an kama shi, an kore shi, an haramta masa komowa. Ga kuma takarda a gabansu da sa hannunsa cewa ba shi da wata ƙasa. Ta kowace fuska suka dube shi, maƙaryaci suka gani. Aka hana shi biza, aka miƙa maganar ga ƴan sanda. Dattijon da bai taɓa taka kwamisariyar ƴan sanda ba ya wuni a kan benci ana tambayarsa nawa ya sayar da fasfonsa.

Jandarmomi sun zo mini da rana tsaka, ina cikin ɗaukar wata mata hoto. Masu shayin da ke dariyar kwaikwayona suna zaune suna kallo, ko kofi ba wanda ya ajiye. Da aka kwashe injina aka ga takardun gwajin bogi, shari'ar ta zama biyu. A gaban alƙali na so in yi irin bakin da na saba, na ce kuskure ne na aiki. Ya dube ni ta saman tabaransa, nasa na gaske, ya ce in daina ɓata masa lokaci.

Ba zan ba ku labarin gidan kaso don ku ji tausayina ba. Zafi ne da ƙwari da wari, da mutane irina, kowa na ba da labarin wayonsa, kowa na cewa tsautsayi ne ya kama shi. Na zauna cikinsu na ji yadda muryata take a kunnen mutane, na ji ƙyama. A can aka aiko mini cewa mahaifiyata ta daina zuwa biki da suna a unguwarmu saboda tambaya. A can kuma na koma salla, da farko don babu abin yi, daga baya don na fara jin tsoron Allah da gaske.

Da aka sake ni na nufi gidan Baba Agali kafin in nemi wurin kwana. Na tarar da shi a zaure a kan tabarma, ya jingina da bango, ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya yi magana. Ya ce Tekna ta ɗauki lauya, an gwada zanen yatsunsa da na wancan mutumin, an ga ba ɗaya ba ne, an wanke sunansa, har an ce yana iya sake nema.

Na ce alhamdu lillahi, ashe tafiya ta yiwu.

Ya ce, “Yanzu likita ne ya hana. Ya ce ƙirjin ba ya ɗaukar hanyar Yamai, balle jirgi.”

Na roƙe shi gafara. Ya ce shi ya yafe nasa, don ba ya son ya je gaban Allah da kaya. Na Tekna kuwa, in nema a wurinta, shi ba zai yi mata alkawari ba. Na nema. Ta saurare ni har na gama, ta kashe salular. Ban ga laifinta ba. Ya rasu a Arlit, ita tana Sifen, labari kawai ta samu.

Yanzu ina sayar da albasa da dankalin da ake kawowa daga lambunan duwatsun Air, ina auna wa mutum a gabansa. Ina ganinku, samari, a bakin tasha da salula a hannu, kuna yaba wanda ya iya haɗa takarda, kuna cewa ya waye. Na yi wannan wayewar kafin ku, kuma ba wata basira a cikinta. Duk abin da ake bukata shi ne a sami wanda ya yarda da kai, sannan ka rasa kunya. Ko jaki aka ba injin bugawa da tsoho mai amana, zai iya. In mutum ya ba ku takardarsa, ku yi masa aikin, in ba zai yiwu ba ku mayar masa a ranar, ku gaya masa gaskiya. Kada ku taɓa sa wani ya sa hannu a kan abin da kuka san ƙarya ne. Ni na yi zaman kasona na fito, ina tafiya da ƙafafuna. Watannin da ƙirjin Baba Agali ke iya ɗaukar hanya, ni na cinye su, kuma babu alƙalin da zai iya sa in mayar.