Mai Sabuwar Riga a Ɗakin Bincike

Wani babban mutum ne, farar rigarsa ko karin ninki bai baje ba, don hoto ya saka ta. A ɗakin nan ana rainon ƙwayoyin halitta a faranti, su zama shinge irin na tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don a gwada mitsitsin maganin da zai ratsa. Numfashi ɗaya kan lalata su. Shi kuwa ya buɗe murfin farantin yana bayani, yawu na fallatsa. Irinsa ko tukunya bai taɓa rufewa ba.

"Ranka ya daɗe, murfin!" in ji matar da ta yi sati uku tana rainonsu.

"Baiwar Allah, ni za ki koya wa?"

Yana yi wa kyamara murmushi, ita tana jawo kwandon shara da ƙafa.