Matar da ta ƙi sakin jaririn

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Ina Kofur Rifkatu a lokacin, ina aiki a kan kanta a wani caji ofis da ke kudancin birnin Kaduna. Aikin mai kanta shi ne karɓar ƙara, ya saurari kowa, sannan ya kai wa na gaba da shi.

Da hantsi sai ga taron jama'a daga Unguwar Sanusi, sun taso wata mata a gaba suna kiranta ɓarauniyar yara. Tana rungume da jariri. Wata matashiya mai suna Hajara tana biye da ita tana kuka, ta ce ɗanta ne. Ta kwantar da shi a tsakar gida ta shiga wanka, ta fito ba ta gan shi ba.

Sufeto Garba, wanda ke riƙe da ofis ranar, ya ce, "Kofur, karɓe yaron, ki kai ta bayan kanta."

Na matsa. Tana ganin kakina ta ƙanƙame jaririn har ya fara shiɗewa. Na ja da baya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na ga ɓarayi da yawa, amma ban taɓa ganin wanda bai damu da dukan da aka yi masa ba. Goshinta na jini, ita kuwa kare kan yaron take yi daga rana. Gaban rigarta kuma ya jiƙe da nono.

Na ce, "Oga, in muka fizge shi za mu karya shi. A ba ni izini in kira nas."

Ya dube ni. "Nas a kes ɗin sata?" Sannan ya ce, "Yanzu mulkin farar hula ne, in yaro ya mutu a hannunmu, ni za a tambaya. Je ki."

Na ɗauko Sista Hannatu daga ƙaramin asibitin da ke bayanmu. Ta roƙi masu kaki su koma ƙofa su tare jama'a. Ta shimfiɗa zane a kan benci, ta zauna kusa da matar.

"Maman bebi, yaya sunanki?"

"Laraba."

"Laraba, kin kawo shi awo wannan watan?"

Ta girgiza kai.

"To kawo shi in duba shi."

Sai ta miƙa shi, kamar yadda kowace uwa ke miƙa wa nas ɗanta. Sista ta duba shi, ta ba ni, na fita da shi ta baya na ba Hajara.

Can sai ga mijin Laraba a guje daga masana'antar da yake aiki a Kudenda. Ya ce jaririnsu ya rasu makonni kaɗan da suka wuce. Tun daga nan ba ta barci, tana cewa tana jin kukansa a gidajen maƙwabta. Sista ta bayyana wa Sufeto cewa akwai ciwon da ke taɓa hankalin mace bayan haihuwa, kuma yana jin magani.

Sufeto ya ce, "Amma akwai mai ƙara." Ya kira Hajara ya tambaye ta.

Ta daɗe tana kallon Laraba, wadda ke zaune hannuwanta a buɗe bisa cinya. Ta ce, "Yallaɓai, ku kai ta asibiti. Amma don Allah kar ta dawo layinmu."

Da motarmu muka kai ta asibitin masu taɓin hankali, ni a gefenta, na cire hulata. A hanya na tambayi Sista ko da ita kaɗai za ta iya. Ta ce, "Da babu ku a ƙofa, da ban samu wadda zan yi wa magana da rai ba."

Bayan wasu watanni Laraba ta zo ofis da mijinta, sun koma Kamazou. Ta gaishe ni cikin kunya, ta tambayi lafiyar yaron.

Ku da kuke sabbin shiga aikin ɗan sanda, za a kawo muku irin waɗannan da sunan masu laifi. Tare taro aikinmu ne, kuma mun iya shi. Amma kafin ku ɗora wa mutum hannu, ku dube shi da kyau, ku tambayi kanku ko hannunku ne zai yarda da shi.