Gyaran da Na Yi wa Kwalkwalin Yaya

Aikina a Deira, unguwar kasuwa a ƙasar Larabawa, neman aibi ne. 'Yan kasuwar Kano su turo mini jerin kayan da suke so ta waya, ni kuma in je shago in sa a buɗe kwali, in duba firji ko injin wanki ciki da waje kafin a kai wa masu kago su yi jigilarsa zuwa Kano. In na ga tabo, ko fenti ya ɓare, ko gefe ya lotsa, ba na jayayya, nunawa kawai nake yi da yatsa in ce a canza. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, har idona ya lalace. Ko gidan mutum na shiga, kafin in rufe baki da sallama na riga na ga inda ƙofarsa ta tsage. Masu shaguna ba sa ƙaunata, ni ma ban taɓa neman su ƙaunace ni ba.

A unguwar Muraqqabat nake zaune a lokacin, ɗaki ɗaya mu biyu, gado mai hawa biyu. Abokin zamana mutumin Kumasi ne, haifaffen Zango, unguwar Hausawa, mai tsaron ƙofa a wani otal. Ya girme ni, saboda haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Bakano. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, ba ya shan taba, ba ya yawo, magana ma sai ta zama dole. Cutarsa guda ɗaya ce, kuma tana jere a saman kabad ɗin kayanmu: huluna biyar na 'yan fim, irin finafinan nan da ake yaƙi a sararin samaniya ana harbi da haske. Ni hular kwano nake ce musu, shi kuwa kwalkwali yake cewa, har da gyara zama. A ƙarƙashin gado akwai sulken roba a naɗe cikin tsohon bargo, ya cinye wurin da ya kamata akwatina ya shiga.

Biyu daga cikin hulunan farare ne, kuma a idona ba su da maraba. Wata rana na tambaye shi abin da ya sa mai hankali zai sayi abu ɗaya sau biyu. Ya sauko da su da hannu bibbiyu kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ce in duba wurin ido. Na wannan ya fi faɗi da kamar kaurin ashana, shi ne ya yi daidai da na cikin fim, ɗayan kuwa jabu ne. Na ce, "Yaya, ai duk biyun jabu ne. Wanda ya sa na ainihin ma ɗan wasa ne, da an tashi yake cirewa ya tafi cin abinci." Ya dube ni, ya mayar da kayansa sama, daga ranar bai sake yi mini bayanin komai ba. Ni kuma na wuni ina jin daɗin na ci gardama.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Suna da ƙungiya a garin, manyan mutane masu gemu da iyali: injiniyoyi, ma'aikatan banki, wata likitar haƙori 'yar Filifin da take shugabancinsu. Sau biyu a shekara suke haɗuwa a wani zaure, kuma ba a zama ɗan ƙungiya da kuɗi ko sanayya. Sai ka kawo abin da ka haɗa da hannunka, a auna shi, a gwada da hotunan fim, in ya yi daidai a rubuta sunanka. Shekara uku Yaya yana zuwa a matsayin ɗan kallo. Sau ɗaya kawai ya taɓa faɗa mini dalili, muna cin abinci, bai ma ɗago kai ba. Ya ce a otal mutum dubu za su wuce ta gabansa ba wanda zai iya cewa ga kalar fuskarsa, amma a can in ka iya, ana sanin ka iya. Abin da yake so ke nan, a rubuta sunansa a cikin waɗanda suka iya.

Hular da yake shirin kai musu ruwan toka ce mai shuɗin layi, kuma ita ce ta hana ni sakat. Kumatun hagu ya lotsa. Fentin ya ɓaɓɓare a wuri ya fi ashirin. A ƙeya akwai baƙin tabo kamar an ajiye ta kusa da murhu. Da a shago na gan ta, ko taɓa ta ba zan yi ba. Kallo ɗaya na yi mata na yanke hukunci: an cuci bawan Allah, an turo masa kayan da ya faɗo daga mota, kuma kunya ta hana shi faɗa. Duk Juma'a in mun dawo daga masallaci sai ya shimfiɗa jarida, ya ɗauko burushi siriri kamar allura da audugar kunne, ya jingina wayarsa a jikin kofi, ya duƙufa. Ni ina gadon sama ina leƙowa. A ganina gyara yake ƙoƙarin yi, kuma duk mako abin ƙara lalacewa yake. Tausayinsa har cikin ƙirjina nake ji. Amma a gidanmu ba a ce wa babba an cuce ka, ba a ce masa ba ka iya ba. Sai na ja bakina na yi shiru har shekara uku, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin jihadi ba ne.

Ana nan sai bayana ya riƙe. Na sunkuya duba ƙasan wani injin wanki, ban iya miƙewa ba. Mako uku na yi a kwance. Yaya ya bar mini gadon ƙasa, shi da ƙaton jikinsa ya koma hawa sama. Shi yake riƙe ni zuwa banɗaki, shi yake wanke mini kaya, ya dawo daga tsayuwar wuni guda ya dafa shinkafa da wake irin ta mutanen Gana, da baƙin yajin nan nasu mai sa mutum kuka yana ƙarawa. Ko sau ɗaya bai nuna gajiya ba. Da na warke sai abin ya tsaya mini a rai. Irin wannan ba a gode masa da baki. Yadda muka taso, lura za ka yi da abin da yake damun mutum, ka yi masa ba tare da ka tambaya ba, domin in ka tambaya ka ba shi hanyar ƙi ke nan, kuma kowa zai ce dama ba ka yi niyya ba.

Sai ga hanya ta samu. Ya tafi hutun mako biyu Kumasi, taron ƙungiya kuma Asabar ɗin da za ta biyo bayan dawowarsa. Na zauna na dubi hular, na ce wato haka zai je gaban likitoci da injiniyoyi da abu kamar an tsinto a bola, alhali yana ɗaki ɗaya da ni. Na sa ta a jaka na nufi wurin wani mai fentin mota ɗan Pakistan da na sani.

Ya juya ta, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya sake juyawa. Ya ce, "Habibi, abokina, wannan da gangan aka yi. Dubi, fenti hawa uku ne, kowane tabo an zauna an yi shi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wa ka taɓa gani ya ɓata kayansa da gangan? Shekarata goma sha ɗaya ina duba kaya a garin nan, yau kai za ka koya mini tabo? In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, in yi gaba."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, shi ke nan, kayanka ne."

Bayan kwana uku na karɓo ta. Ya cike lotsawar da irin ƙullin da suke cike jikin mota da shi, ya goge, ya fesa ruwan toka mai sheƙi, shuɗin layin ma ya ƙara masa haske bisa umarnina. Na duba ta da tocilan ciki da waje ban sami abin nunawa da yatsa ba, kuma wannan ba ya yawan faruwa da ni. Na ajiye ta a kan gadon Yaya na rufe da sabon tawul.

Ranar dawowarsa, da yamma Yaya ya iso. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, ya ɗaga tawul ɗin. Sannan ya zauna a bakin gado, ya ɗora ta a cinya, ya riƙa shafa kumatun hagun da babban yatsa.

"Kai ka yi wannan, Bakano?"

"Ba komai, Yaya. Don Allah kada ka ce komai, abin da ka yi mini ya fi haka."

Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na ce a raina farin ciki ne ya yi masa yawa, na fita na ba shi wuri kamar yadda mai tarbiyya zai yi.

Ranar Asabar ni na gayyaci kaina. Ba zai yiwu a yaba aiki ba ni a wurin ba. Zauren cike yake da manya cikin sulken roba, suna tafiya a tale saboda ba sa iya lanƙwasa gwiwa, wani yana shan ruwa da tsinken roba ta ƙarƙashin hula, wasu biyu suna musu mai zafi a kan ko maɓallin wata bindigar roba ja ne ko ruwan goro. Ina ta dariya a ciki, har na fara lura da wani abu da bai yi mini daɗi ba: kusan kayan kowa a ƙwarzane yake, kuma wanda ya fi lalacewa shi aka fi zagayewa ana ɗaukar hoto.

Aka kira Yaya. Likitar tana zaune da ma'auni da ƙaramar fitila da allon waya babba. Ta buɗe hoton fim ɗin, ni kuma ina tsaye a bayanta. Ga hular nan a kan wani mayaƙi, kumatun hagu a lotse, ƙeya a ƙone, fenti a ɓare. Idon nan nawa da nake taƙama da shi ya shiga aiki ba tare da na sa shi ba: kowane tabo na cikin hoton na san shi, na san inda yake a hular Yaya kafin in kai ta gyara, ba wanda ya kauce ko da kaurin gashi. Shekara uku yana yin su ɗaya bayan ɗaya.

Da Turanci suka yi magana, amma ina ji. Ta ce ta ga hotunan da ya turo wata biyu da suka wuce, kuma tun da take duba kaya ba ta ga hannu kamar nasa ba, me ya sami hular? Na buɗe baki zan yi magana, ya taka mini ƙafa. Ya ce shi ne ya canza shawara, ya fi son ta haka. Ta sake tambaya, ya sake faɗin abin da ya faɗa. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba za ta iya rubuta sunansa ba, ya dawo bayan wata shida.

A jirgin ƙasa na metro, kan hanyar gida, na kasa haƙuri. Kunya in ta yi mini yawa faɗa take zama, halina ne.

"Yaya, kwana huɗu kana kallona ina yawo ina washe baki. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Chale, ɗan'uwa, in faɗa maka me? An riga an yi."

"To me ya sa ka ɗauki laifin? Da ka nuna ni ka ce ga jakin da ya yi."

"A gaban baƙi?" Iyakar abin da ya ce ke nan har muka sauka a tashar Rigga.

Da muka shiga ɗaki na ɗauko wuƙar yankan albasa, na ce ya buɗe hoton, yanzu za mu fara, ni zan riƙa nuna wuri shi yana yi, wata shida ya ishe mu. Na kai hannu zan ɗauki hular, ya riƙe mini hannu. Ba da ƙarfi ba.

Ya ce, "Bar ta, Bakano. Shekarata tara a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin abin da nake bukata ya yi mini ban roƙa ba. Kai kaɗai ne. Ba ka iya ba ne kawai."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na zauna a ƙasa da wuƙa a hannu.

Bai sake taɓa ta da burushi ba. Taron da ya biyo baya bai je ba, kuma kafin na gaba kwangilarsa da otal ta ƙare, ba su sabunta ba. Ba a taɓa rubuta sunansa ba. Hulunan huɗu da sulken ya rabar wa 'yan ƙungiyar, ta ruwan tokan kaɗai ya tafi da ita. Ni na haɗa masa kwalin, domin wannan dai na iya. Ina cikin liƙewa ya tsaya a kaina yana cewa in ƙara soso ta gefen hagu, kada ta ƙwarzane a hanya.