Tukunyar da Kawu Ya Yi wa Fenti

Kawuna mai gyaran jikin mota ne, kuma tun yana saurayi ya tsani lotsawa. Ko kwanon cin abinci ya ga ya ɗan lanƙwashe, sai ya juye abincin ya ɗauko guduma. Da ƙarfi ya fara ƙarewa ya bar wa yaransa gareji, muka ɗauka hutu ya zo. Ashe tonon ƙasa zai koma.

Wajen haƙa ramin shuka a bayan gida ya fara cin karo da fasassun tukwane, shi ke nan ciwo ya kama shi. Makulli mai tsatsa, ƙashin da ni dai na rantse na akuya ne, murfin kwalba, duk kayan mutanen da ne a wurin Kawu. Ya cika ɗakin da ƴarsa ta bari bayan aurenta, har ƙofa ba ta rufuwa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta daɗe tana son ɗakin don keken ɗinkinta, wanda ke zaune a lungun kicin yana shan hayaƙi.

Da aka yi shelar cewa ma'aikatan gidan tarihi za su zo zauren taron unguwa su duba abin da mutane suka tsinta, Inna ta kafa sharaɗi.

"Malam, in suka ce ko abu ɗaya tsoho ne, na bar maka ɗakin. In ba haka ba, bola."

Kawu ya amince, don yana da abin dogaro: wata tukunya da ya tono gutsi-gutsi. Ya liƙe ta, ya ga jikinta duk zane-zane da ƴan ramuka, ransa ya ɓaci. Ya kwaɓa abin da suke cike lotsawar mota da shi ya shafe ta tas, ya bi da samfefa, ya fesa mata jan fenti. Ni na kai su a mota, yana rungume da ita a kujerar baya, yana yi min faɗa kan kowane ramin titi.

Zauren ya cika. Gefe guda ana koya wa mutane saƙa da ginin tukwane, gefe guda wata malama mai tabarau tana duba kaya. Makullin Kawu ta ce bai girme ni ba. Ƙashin kuwa na akuya ne, Allah ya gani ban yi dariya da ƙarfi ba. Sai ya kware tukunyar tana sheƙi.

Malamar ta leƙa cikinta, inda hannunsa bai kai ba, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Baba, wa ya yi mata wannan aikin?"

"Ni ne nan," in ji Kawu yana gyara hula. "Shafi uku. Da kin gan ta da, duk ƙarzuwa."

"Wace irin ƙarzuwa?"

"Layi-layi, da ɗige-ɗige a wuya. Na sha wuya kafin su ɓace."

Malamar ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce wannan ƙarzuwar ita ce adon da maginin ya yi, kuma da ita ake gane zamanin tukunya. Mai yiwuwa tsohuwa ce ƙwarai, amma yanzu ba za ta iya cewa komai ba, sai dai ta yaba fentin. Ta nuna masa teburin maginiya, inda wata tsohuwa ke mirgina igiya a kan ɗanyen yumɓu, layukan nan sak suna fitowa.

Kawu ya je ya tsaya yana kallo. Tsohuwar ta miƙa masa igiyar, ya gwada, zane ya fito, babban yatsansa ya shafe shi da kansa kafin ya ankara. Ya zauna a benci da yumɓu a gwiwa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Bisa sharaɗi, Inna ta ci ɗaki ke nan. Ta dubi Kawu, ta dubi rufin zauren, ta ja dogon tsaki. Sai ta zuge jakarta ta ciro wani guntun tukunya kamar tafin hannu, ta dangwarar a gaban malamar.

"Duba wannan. Cikin nasa na ɗauka kafin ya liƙe."

Zanen na nan raɗau, sai gefe ɗaya da ya ɗan sha. Malamar ta juya shi, ta kira abokin aikinta, suka haɗa kai. Tsoho ne, in ji su, tun kafin a yi unguwar, kuma suna so su zo su ga ramin.

"Me ya cinye gefen nan, Mama?"

"Kaushin ƙafa nake gogewa da shi," in ji Inna. "Ya fi dutse ci."

Kawu ya miƙe. "Kin san fa kin rasa ɗakin?"

"Na sani. Tashi mu tafi, ka goge wandonka, kana ba ni kunya."